AJIYAR ƘWAN HAIHUWA CIKIN SANYI: IRI A RUMBU BAI ZAMA GIRBI BA

Duk manomin da ya san aikinsa, in kaka ta yi, kafin ya zuba hatsi cikin rumbu sai ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika ido, ya ɗaure ta dabam, ya ɗora inda gara da ɓera ba su kai. Wannan shi ne iri. Ko yunwa ta matsa ba a taɓa shi, ana jiran ruwan shuka. To, yau a ƙasashe da dama likitoci suna yi wa ƙwan haihuwa na mata irin wannan ajiya. Sukan ciro shi daga jikin mace tun tana da ƙuruciya, su daskarar da shi cikin sanyi mai tsanani, ya yi shekara 5, ko 10, ko fiye. Ran da aka bukace shi sai a narkar da shi, a haɗa shi da maniyyin miji, a mayar da shi cikin mahaifa. Dubban yara sun zo duniya ta wannan hanya.

Labarin yana yawo a rediyo da wayoyin hannu, kowa da yadda ya ji shi. Wani ya ce tatsuniya ce, wani ya ce shiga hurumin Allah ne, wani kuwa ya ɗauka an gama da rashin haihuwa ke nan. Shi ya sa muka ga ya kamata mu warware maganar daki-daki. Aikin gaskiya ne, kuma yana da amfani babba ga wasu mata, musamman waɗanda ciwon daji ya kama da sauran ƙuruciyarsu. Amma abin da manomi ya sani tun kaka da kakanni yana nan a wannan fage: ajiye iri dabam, cika rumbu dabam.

ME YA SA AKE GAGGAWA DA ƘWAN MACE?

Jikin namiji yana yin sabon maniyyi kullum, tun daga balaga har tsufa. Mace ba haka take ba. Ana haihuwar ɗiya mace da dukan ƙwan da za ta samu a rayuwarta, wajen miliyan 1 zuwa miliyan 2, a ajiye cikin gidajen ƙwai guda 2 da ke gefen mahaifa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Daga ranar nan sai raguwa. Lokacin da ta balaga, abin da ya saura bai wuce 300.000 zuwa 400.000 ba. Kowane wata wasu ƙwai da yawa sukan farka tare, ɗaya ya nuna ya fito, sauran su lalace. Cikin dukan rayuwar mace, waɗanda ke nuna su fito ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Wajen shekara 37 saura kamar 25.000. In ta kai wajen shekara 50, lokacin da haila ke ɗaukewa, ba a samun fiye da kamar 1.000.

Wannan raguwa ba ta jiran kowa. Ko mace tana da aure ko ba ta da shi, ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko tana shan maganin tazarar haihuwa, ƙwai yana ta ƙarewa. Kuma har yau babu wani magani, na likita ko na gargajiya, da ke mayar da wanda ya tafi.

Bayan yawa akwai kuma maganar kyau. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙullin gado guda 46 cikin ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Su ne ke ɗauke da kama da siffa. Ƙwan da ya daɗe a jiki yakan yi kuskure wajen rabon wannan ƙulli, ya tafi da fiye da kima ko ƙasa da kima. Irin wannan ƙwai sau da yawa ba ya kama ciki, in ya kama kuma yakan ƙare da ɓari. Wannan matsala tana ƙaruwa sosai bayan shekara 35, ta tsananta bayan 40.

Likitoci sun lura da wani abu: mahaifa ba ta tsufa da sauri kamar ƙwai. Mace mai shekara 42 tana iya ɗaukar ciki ta haihu in ƙwan da aka sa mata na ƙuruciya ne. Daga nan tunanin ya taso. In an ciro ƙwan mace tana da shekara 30 aka tsayar da shi cikin sanyi, ko bayan shekara 10 ƙwan ɗan shekara 30 ne.

DAGA ZAKARA DA SA AKA FARO

Ba da mutane aka soma ba. A shekarar 1949, a birnin Landan, wasu masana 3, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes, suka gano cewa in an zuba giliserin cikin maniyyin zakara, yana jure daskarewa, in an narkar da shi ya ci gaba da motsi. Ba a yi shekaru da yawa ba aka soma samun maruƙa daga daskararren maniyyin sa. Ko a nan ƙasarmu ma'aikatan kiwo sun san wannan aiki, domin a tashar kiwo ta Tukunus, cikin yankin Filinge, an adana maniyyin bijiman azawak cikin irin wannan sanyi, ana ɗura wa shanu ba tare da an kawo sa ba. A shekarar 1953 aka samu cikin farko na ɗan Adam daga daskararren maniyyi, a jihar Ayowa ta Amurka.

Ƙwan mace kuwa ya ba masana wahala shekara da shekaru. Dalili shi ne girmansa. Ko da yake bai fi kashi 1 cikin 10 na milimeta ba, shi ne ƙwayar halitta mafi girma a jikin mutum, kuma cike yake da ruwa. Wanda ya taɓa sa tumatir cikin gidan ƙanƙara na firigo ya san abin da ke faruwa: in ya narke sai ya saki, ya zama ruwa-ruwa. Ruwan cikinsa ne ya zama ƙanƙara mai tsini kamar allura, ta huda shi ta ciki. Haka sanyi yake yi wa ƙwai.

Kafin a yi maganar ajiya ma, sai da aka koyi haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki. Ranar 25 ga watan Yuli na 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, ita ce ta farko da aka haɗa cikinta a ɗakin bincike, bisa aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy. Faransa ta samu tata ta farko a watan Fabrairu na 1982. A 1986 kuma wani likita mai suna Christopher Chen, a birnin Adelaide na Ostareliya, ya ba da labarin cikin farko daga ƙwan da aka daskarar aka narkar. Tagwaye aka haifa.

Duk da haka, wajen shekara 10 bayan nan yaran da aka samu ta wannan hanya ba su taka kara sun karya ba. Ƙwai da yawa yana mutuwa a sanyi, wanda ya tsira kuma ɓawonsa yakan yi tauri, maniyyi ya kasa shiga. Abu 2 suka sauya lamarin. Na farko, a 1992, a birnin Burusel na Beljiyam, aka fito da dabarar ɗaukar ƙwayar maniyyi guda da siririyar allura a tura ta cikin ƙwai kai tsaye. Da wannan dabara likita Eleonora Porcu ta birnin Bolonya a Italiya ta samu haihuwa daga daskararren ƙwai a 1997. Na biyu shi ne sabuwar hanyar daskarewa cikin ƙiftawar ido, wadda aka samu haihuwar farko da ita a 1999, wani masani ɗan Japan, Masashige Kuwayama, ya kyautata ta daga baya. A watan Oktoba na 2012 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ce aikin ya fita daga matsayin gwaji. Amma a cikin sanarwar ta ja kunne cewa ba ta ba mata masu lafiya shawarar dogara da shi don jinkirta haihuwa ba.

YADDA AKE AIKIN

Da farko akan auna jinin mace, a kuma duba gidajen ƙwanta da na'urar hoton ciki, don a kimanta abin da ya saura. Sa'an nan a soma yi mata allura kullum, kwana 10 zuwa 12. Aikin allurar shi ne ta sa ƙwan da suka farka a wannan wata su nuna tare, maimakon ɗaya tak. A nan akwai abin da ya kamata a gane: ba a taɓa rabon gaba. Waɗanda ake cirowa su ne da ma za su lalace a watan. Saboda haka aikin ba ya jawo ɗaukewar haila da wuri.

Cikin waɗannan kwanaki likita yana duba ta a kai a kai. In ƙwai ya kai girma sai a yi allura ta ƙarshe, bayan wajen awa 36 a ciro. Ana sa mace barci, a bi ta gabanta da siririyar allura, ana kallo a na'ura, a tsotso ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Ba ya wuce minti 20 zuwa 30, kuma ran nan take komawa gida. Ga budurwa, wasu likitoci sukan bi ta fatar ciki. Mace mai ƙuruciya takan ba da ƙwai 10 zuwa 15 a karo guda, wadda ta manyanta ƙasa da haka.

Daga nan aiki ya koma ɗakin bincike. Ana tsoma kowane ƙwai cikin wani ruwa mai sukari da magunguna, wanda ke janye ruwan cikinsa ya maye gurbinsa. Sai a ɗora shi bisa wani ɗan tsinke, a cusa cikin ruwan azot. Azot iska ce, ita ce ma mafi yawa cikin iskar da muke shaƙa, amma in an sanyaya ta ƙwarai takan zama ruwa, sanyinta digiri 196 ƙasa da sifili. Saboda tsananin saurin sanyin, ƙanƙara ba ta samun lokacin yin tsini, ƙwan sai ya sandare kamar gilashi. A wannan sanyi duk wani motsi na rai yana tsayawa cik. Ƙwan bai mutu ba, kuma ba ya tsufa. Da wannan hanya, cikin ƙwai 10, wajen 8 ko 9 suna tsira in an narkar.

Ana ajiye tsinkayen cikin manyan tuluna na ƙarfe masu riƙe sanyi, kowane da sunan mai shi da lambarta. Tulun ba ya bukatar wutar lantarki don ya yi sanyi, amma azot yana tashi a hankali, dole a riƙa ƙara shi, a riƙa aunawa dare da rana.

SU WA KE BUKATA?

Na farko su ne masu ciwon daji. Magungunan da ake ƙara wa marar lafiya ta jijiya, waɗanda a asibiti ake kira shimiyo, da gashin na'ura in an yi shi wajen mara, suna kashe ƙwayoyin cuta, amma wasunsu suna kashe ƙwai ma. Mace mai shekara 28 tana iya warkewa sarai, ta tarar haila ta ɗauke har abada. Ba kowane magani ke yin haka ba, kuma ba kowace mace ba, ya danganta da irin maganin da yawansa da shekarunta. In an ciro ƙwai kafin a soma magani, an bar mata ƙofa a buɗe. Abin da ake bukata wajen mako 2 ne. A nan ne maganar Hausawa ta zauna daidai, ba a fafe gora ranar tafiya. In an riga an soma magani, sau da yawa lokaci ya wuce.

Yarinyar da ba ta balaga ba kuwa ba a iya ciro mata ƙwai nunanne. Ita akan yanki wani ɓangare na gidan ƙwan kansa a daskarar, in ta girma a mayar mata. A 2004 aka samu haihuwar farko da irin wannan dashe, a Burusel, ƙarƙashin Farfesa Jacques Donnez, ga wata mace da aka ciro nata tana babba. A ƙarshen 2014, a wannan birni dai, wata mace haifaffiyar Kongo mai amosanin jini, wato sikila, ta haifi ɗa namiji tana da shekara 27. An ciro gidan ƙwanta tana da shekara 13, kafin a yi mata dashen ɓargo, aikin da ke tafiya da magani mai kashe ƙwai. A 2016 wata ƴar Dubai ta haihu a Landan da gidan ƙwan da aka ajiye mata tun tana da shekara 9.

Kashi na biyu su ne mata masu lafiya da shekaru ke tafiya ba su haihu ba. Su ne suka fi yawa yanzu a Turai da Amurka. Mutane sukan ce son aiki da neman muƙami ne ya hana su. Wata malamar jami'ar Yale, Marcia Inhorn, ta zauna da mata 150 da suka ajiye ƙwai, ta tambaye su dalili. Fiye da 8 cikin 10 ba su da miji a lokacin, kuma abin da mafi yawansu suka faɗa shi ne suna son aure da haihuwa, mijin da ya dace ne ba su samu ba.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Daga ƙwai zuwa jariri akwai matakai, kuma kowane mataki yana cin rabonsa. Ba duk ƙwan da aka ciro ne nunanne ba. Ba duk nunanne ke tsira daga sanyi ba. Ba duk wanda ya tsira ke karɓar maniyyi ba. Cikin waɗanda suka karɓa, wasu sukan tsaya da girma kafin kwana 5. Wanda aka sa cikin mahaifa yana iya ƙin kamawa, wanda ya kama yana iya zubewa. Ƙungiyar likitocin Amurka da muka ambata ta kimanta cewa, ga mace ƴar ƙasa da shekara 38, cikin ƙwai 100 da aka daskarar, tsakanin 2 zuwa 12 ne ke zama jariri.

A 2022 likitocin jami'ar Niyok suka bayyana sakamakon mata 543 da suka dawo suka narkar da ƙwansu. Cikin 100, mata 39 suka samu haihuwa. Waɗanda suka ajiye kafin shekara 38, wajen rabinsu suka samu. Waɗanda suka ajiye kafin 38 kuma aka narkar musu da ƙwai 20 ko fiye, 70 cikin 100 suka samu. Darasin a fili yake: shekarun mace ranar da aka ciro ƙwan, da yawan ƙwan, su ne kan gaba. Kuma ko a babban asibiti na ƙasa mai arziki, fiye da rabin matan sun koma gida hannu banza. Tara ƙwai 20 kuwa sau da yawa sai an maimaita aikin sau 2 ko 3.

Akwai haɗari ga jiki, ko da yake ba shi da yawa. Allurar takan kawo kumburin ciki da kasala. Wani lokaci gidajen ƙwai su kumbura fiye da kima, ruwa ya taru a ciki, har a kwantar da mace asibiti, amma mai tsanani bai cika faruwa ba. Yaran da aka haifa ta wannan hanya, binciken da aka yi bai nuna sun fi sauran yaran da aka haɗa a ɗakin bincike samun nakasa ba. Sai dai ƙuruciyar ƙwai ba ta mayar da ƙuruciyar jiki. Ciki bayan shekara 40 ya fi zuwa da hawan jini da ciwon sukari da haihuwa ta fiɗa.

Rumbun kansa ma yana iya cin amana. A watan Maris na 2018, cikin ƙarshen mako guda, tulunan azot suka lalace a asibitoci 2 na Amurka, ɗaya a Kilibilan, ɗaya a San Faransisko. A na Kilibilan kaɗai, ƙwai da tayi wajen 4.000 suka salwanta. Cikin masu su har da matan da ciwon daji ya riga ya hana su sake yin wani ƙwai.

KUƊI DA DOKA

Aikin yana da tsada. A Amurka karo guda yakan ci dalar Amurka 10.000 ko fiye, wato wajen miliyan 6 na kuɗin sefa, ban da kuɗin ajiya na kowace shekara, ban da kuɗin narkarwa da dasawa. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙanƙantar albashi a ƙasarmu, jika 42 a wata bisa ƙa'idar da ta soma aiki a 2024, sai ya yi fiye da shekara 10 yana tarawa bai ci bai sha ba. A 2014 kamfanonin Facebook da Apple suka ce za su biya wa ma'aikatansu mata kuɗin aikin. Wasu suka yaba, wasu suka ce dabara ce ta riƙe mata bakin aiki su jinkirta haihuwa.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar 2 ga watan Agusta na 2021 ta yarda mace ta ajiye ƙwanta ko ba ta da ciwo, tsakanin shekara 29 da 37. Asusun lafiya na ƙasa yana biyan allura da cirowa, mace tana biyan kuɗin ajiya, kuma an hana mai ba da aiki ya biya, don kada ya matsa wa ma'aikaciya. A Ingila, da shekara 10 ce iyakar ajiya ga mai lafiya, daga watan Yuli na 2022 aka kai ta shekara 55, amma sai mai ƙwan ta sabunta yardarta duk shekara 10. A Tunisiya dokar 2001 ta yarda wa marar aure ta ajiye in magani zai taɓa haihuwarta.

Afirka ta yamma da ta tsakiya ma ba a bar su baya ba wajen haɗa ciki a ɗakin bincike. An samu haihuwa ta wannan hanya a Legas a 1989, a Lome a 1997, a Duwala da Abuja a 1998. A 2016 wani asibiti a Legas ya ba da sanarwar haihuwar jariri daga ƙwan da aka daskarar.

ME MALAMAI SUKA CE?

Malaman Musulunci sun duba wannan fage tun da wuri. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, wadda Nijar ke cikinta, ta zauna a Amman ta ƙasar Jodan a watan Oktoba na 1986. Ta yarda da haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a wajen jiki in bukata ta kama, a mayar cikin mahaifarta ita kanta. Ta hana shigo da na uku, ko ƙwan wata, ko maniyyin wani, ko aron mahaifa. A 2019 gidan fatawa na Masar ya yi magana kan daskarar da ƙwai, ya ce ya halatta bisa sharuɗɗa: a haɗa shi da maniyyin miji lokacin da aure ke nan, ba bayan saki ko mutuwa ba, a tsare shi tsarewar da ba za a gauraya da na wata ba, kada a sa shi cikin mahaifar wata, kuma kada aikin ya cutar da abin da za a haifa. Tushen dukan sharuɗɗan guda ne, wato kiyaye nasaba, kowane ɗa a san ubansa da uwarsa. Cocin Katolika kuwa tun 1987 ta bayyana cewa ba ta yarda da haɗa ciki a wajen jiki ba. Wanda abin ya shafa, ya nemi malaminsa kamar yadda zai nemi likitansa.

MU KUMA FA?

Mai karatu zai ce, ina ruwan Nijar da wannan, ƙasar da binciken 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin shekara 18, ƙasar da a 2021 aka kimanta mace tana haihuwar fiye da yara 6? Gaskiya ne, jinkirin haihuwa ba shi ne damuwar mafi yawan matanmu ba. Amma inda haihuwa ta yi yawa, nan wadda ba ta samu ba ta fi shan wuya. Ita ce ake yi wa habaici a bakin rijiya, ita ake yi wa kishiya ko a sake ta, ita ke sayar da ƴan awakinta tana bin masu magani gari-gari.

A watan Afrilu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum 1 cikin 6 na manya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa wani lokaci a rayuwarsa, ƙasa mai arziki da matalauciya kusan ɗaya. Wajen rabin gidajen da abin ya shafa, akwai matsala a wajen namiji, shi kaɗai ko tare da matar. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa, babban abin da ke hana mata haihuwa shi ne toshewar hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba yana kawo ta, haka ma ƙwayar cuta da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari inda babu tsabta. Irin wannan mace ƙwanta lafiya lau yake, hanya ce ta toshe. Abin da zai tsare ta tun farko ba ya cin miliyan: zuwa awo, haihuwa a hannun ungozomar da ta samu horo, da maganin ciwon sanyi da wuri, miji da matansa duka a lokaci guda.

Inda maganar ajiya ta shafe mu kai tsaye shi ne ciwon daji. Na nono da na bakin mahaifa su ne suka fi kama matan ƙasarmu, kuma cikinsu akwai masu ƙuruciya. Tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta soma gashin na'ura. Yayin da masu warkewa ke ƙaruwa, tambayar abin da zai biyo bayan warkewa za ta ƙara tasowa. Saboda haka duk wadda aka ce za a soma mata shimiyo ko gashi, ita ko mijinta ko iyayenta, su tambayi likita tun ranar farko: wannan magani zai taɓa haihuwa? Akwai abin da za a iya yi kafin a soma? Namiji ma ya yi wannan tambaya, domin ajiyar maniyyi ta fi ta ƙwai sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Amma kada kowa ya ƙi magani ko ya ja lokaci da kansa don tsoron rasa haihuwa. Rai ne gaba, sai da rai ake goyo.

Ga ma'aikatan lafiya, bayani hakkin marar lafiya ne, ko da abin da za a yi ba ya kusa. Ga hukumomi, ya kamata doka ta riga aikin zama gama-gari: wa ke da izinin buɗe irin wannan ɗaki, wa ke duba tulunan, yaya za a tsare suna da lamba, me za a yi da ƙwai in mai shi ta rasu ko aure ya mutu. Ga matanmu masu dogon karatu da aiki, waɗanda watakila wata rana za a yi musu tallar wannan ajiya a nan ko a waje, su tambayi abu 3 kafin su biya ko dala: a shekaruna, ƙwai nawa ake bukata? Mata nawa suka narkar a wannan asibiti, nawa suka haihu? Nawa ne kuɗin duka, har ranar dasawa? Wanda ya ce ya ba da tabbacin haihuwa, a bar masa kayansa.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan bayani a azuzuwansu, maza da mata su tattauna. Haihuwa kyauta ce ta Allah, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu nema zuriya mai albarka, ya raya mana waɗanda muka samu. Amin.